Farin akunmu mai tukku ya hana unguwa sakat da ihu, me za mu yi?

Tambayar daga wata Hajiya ce a Garwa ta ƙasar Kamaru. Ta ce shekara biyu da suka wuce maigidanta ya dawo daga tafiyar kasuwanci da wani aku fari fat, mai farin tukku da ɗan ruwan ɗorawa a ƙarƙashin fiffike, irin wanda ake kira kokatu. Da farko lafiya lau, kullum yana kafaɗar Alhaji. Yanzu kuwa tun asuba yake tsala ihu, da Alhaji ya sa ƙafa ya fita sai abin ya ƙaru, wani lokaci ya yi sa'a guda bai huta ba. Sun yi masa tsawa, sun watsa masa ruwa, sun rufe kejin da bargo, sun ba shi gyaɗa don ya yi shiru, duk a banza. Maƙwabta sun fara aiko da magana. Tana so ta sani ko akwai magani, ko kuwa su rabu da shi.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ji daɗi da kika yi tambaya tun abin bai kai ga kulle tsuntsun a ɗakin ajiya ba, domin da yawa sai ya fige gashin ƙirjinsa tas sannan ake neman likitan dabbobi. Babu ƙwaya ko allurar da ke hana kokatu ihu. Amma ihun da kika kwatanta yawancinsa koya ya yi, a gidanku ya koye shi, kuma ana iya sauya masa shi da wani abu. Sai dai ki sani aikin ya fi yawa a kan mutanen gida, ba a kan tsuntsun ba.

Mu a nan akun da muka sani shi ne mai ruwan toka da jan wutsiya, wanda ake kawowa daga dazuzzukan kudu. Shi gwanin fito ne da kwaikwayon magana, shi ya sa ake zaton kowane aku haka yake. Kokatu dangi ne dabam. Iri 21 ne, babu ko ɗaya ɗan Afirka a cikinsu, daga Ostareliya suke da Niyu Gini da tsibiran Indunisiya da Filifin da Solomon. Kamannin da kika faɗa na wanda asalinsa tsibirin Halmahera ne da maƙwabtansa a arewacin Maluku, cikin Indunisiya. A can, a cikin dogayen itatuwa masu duhuwa, tsuntsu ba ya ganin ɗan'uwansa, da murya suke sanin inda kowa yake. Gari na wayewa su yi ta kiran juna kafin a watse neman abinci, da yamma su sake yi kafin a kwanta. Muryar da aka halitta don ta ratsa daji ce, kusa da ita tana wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, sai ga ta a tsakar gidan siminti mai rufin kwano. Saboda haka ihun minti goma ko ashirin bayan fitowar rana, da wani kafin magariba, alamar lafiya ce, ba zai bari ba har ya mutu, kuma bai kamata a nemi ya bari ba. Duk wanda ya ce miki zai mai da shi bebe, kada ki ba shi ko dala. Wanda za mu yi aiki a kansa shi ne ihun tsakar rana mai tsawo, na kira da nema.

Ga yadda abin yake a wajensa. Alhaji ya fita. Ya yi ɗan kira a hankali, ba wanda ya kula, domin ƙaramin kira ba ya damun kowa. Ya ɗaga murya, shiru. Ya tsala ihu, sai ga Hajiya ta fito daga kicin da sauri, yara sun taru, wannan na buga keji, wancan na cewa "yi shiru mana!", can sai ga gyaɗa. A rana ɗaya ya gane cewa a gidan nan ihu ne kawai ake ji. Tsawar da kuke yi masa, shi a wajensa amsa ce, garkensa ne ya mayar masa da kira. Ruwan da ake watsa masa, ko dai ya ji daɗinsa a wannan zafi namu, ko ya sa shi tsoron hannun mutum, duk biyun ba riba. Bargon ma sai mutum ya taso ya zo har gabansa kafin ya rufe shi, ya riga ya sami abin da ya nema, ga kuma haɗarin rufe tsuntsu da bargo a watan Afrilu a Garwa.

Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne rashin tsayawa a magana ɗaya. Yau a yi banza da shi, gobe a daure minti arba'in sannan wani ya gaji ya miƙa masa gyaɗa. Kamar yaro ne da ke kukan alawa a bakin shago: in ya san wata rana ana gajiya a saya masa, to ya koyi cewa ya ƙara daɗewa yana kuka. Sa'a gudan da kika ce yana yi, a hankali kuka kai shi can, kowace rana da ɗan ƙari, ba tare da kowa ya nufa ba.

Kafin ki sauya komai, ki ɗauki mako ɗaya kina rubutu. Ki ba wani yaro ɗan makaranta littafi da biro, duk lokacin da ihu ya tashi ya rubuta ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan, wa ya fita, wa ya shigo, an kunna janareto ko talabijin, sannan me aka yi wa tsuntsun bayan ya fara. Mutane kan ce "kullum yake yi, ba lokaci," amma in aka rubuta sai a ga lokuta uku ko huɗu ne sanannu. Wani za ki ga da ƙarar janareto yake gasa, wani da hayaniyar yara in an taso daga makaranta, wani shaho yake hangowa a sama ko kyanwa a kan katanga. Ihun tsoro dabam yake, gajere ne mai kaifi, tukku a miƙe, jiki a ƙame, ido a wuri ɗaya. Wannan ba a yin banza da shi, zuwa ake yi a ga abin da ya gani.

A cikin makon nan kuma ki duba lafiyarsa, domin tsuntsu yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa. Ki taɓa ƙashin ƙirjinsa: in ya fito da kaifi, nama ya zube a gefe da gefe, ya rame. Ki duba kashinsa kowace safiya, ki sa takarda a ƙasan keji maimakon yashi don ki gani da kyau. Ki lura ko wutsiyarsa na ɗagawa tana sauka da kowane numfashi, ko hanci na yoyo, ko muryar ta dishe. Sannan ki shafa shi ki dubi tafin hannunki. Lafiyayyen kokatu yana barin farin gari a hannu, har bakinsa ma za ki ga toka-toka saboda garin. In garin ya ɓace, baki ya koma baƙi wuluk yana sheƙi, sababbin gashi suna fitowa a murɗe suna karyewa, wannan na iya zama cutar baki da gashi da ke yawan kama wannan dangi, ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, a raba shi da kowane aku a nemi likita. Likitocinmu na dabbobi sun fi sabawa da shanu da awaki, to ki nemi wanda ke aikin kaji, shi ya fi kusa. Kuma in wani a gidan ya yi zazzaɓi da tari da ya ƙi jin magani, a gaya wa likitan asibiti cewa akwai aku a gida, domin akwai cutar huhu da mutum ke ɗauka daga ƙurar busasshen kashinsu. A riƙa yayyafa ruwa kafin a share ƙasan keji.

Kejin kansa abin dubawa ne. In na maƙeran walda ne da aka yi da wayar raga mai ruwan tutiya, ko aka shafa masa fentin da ba a san irinsa ba, tsuntsun da ke tauna ƙarfe yini guda yana haɗiyar tutiya ko dalma a hankali, su kuwa suna jawo amai da yawan shan ruwa da rauni, har da farfaɗiya. Girmansa kuma, ƙanƙantarsa shi ne ya buɗe fukafukansa duka biyu ba su taɓa gefe ba.

Sai barci, wanda nake ganin shi ne aka fi zalunta a gidajenmu. Yana buƙatar sa'a 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru. Halmahera a kan tsakiyar duniya take, dare da rana kusan daidai suke duk shekara, mu ma a Garwa ba mu yi nisa da haka ba, da za a bar shi ya bi rana da an huta. Amma keji na falo, ana kallo har sha ɗaya ko sha biyu, fitila a kunne, baƙi na hira, asuba kuma gida ya tashi. Tsuntsun da ke samun sa'a biyar ko shida kullum, dole ya zama mai saurin fushi da cizo da ihu. Ki samar masa ɗakin kwana mai iska, ko da ƙaramin keji na biyu ne, a kai shi bayan magariba, ba ɓera, ba kyanwa. In ɗakin yana da labule mai kauri ya riƙe duhu har ƙarfe bakwai, ihun safen ma zai jinkirta, maƙwabcin da ya koma barci bayan sallar asuba ya sami sauƙi. Wannan kaɗai yakan rage abin da yawa cikin mako biyu.

Zafi da hayaƙi su ma suna nan. A Maris da Afrilu muna wuce digiri 40, ɗan dajin damina ne shi. In kika ga baki a buɗe yana haki, fukafukai a ɗage daga jiki, ya galabaita, a mai da shi inuwa mai iska a fesa masa ruwa mai sanyin randa. Wanka kullum da hantsi, da ruwa zalla ba sabulu, ya zama abin jin daɗi da ake yi masa yana shiru. Da hunturu ma a yi, da rana tsaka, domin busasshiyar iska na sa fata ƙaiƙayi. Turaren wuta kuwa, Hajiya, na san ba gidan da za a ce a daina, amma kada kasko ya shiga ɗakin da yake. Haka maganin sauro na ƙonawa da na fesawa, da hayaƙin gawayi da na janareto. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, yana da jakunkunan iska har cikin jiki, abin da mu zai sa mu tari shi yana iya kashe shi. Kaskon suya irin na zamani da abinci ba ya kamawa, in ya yi zafi fiye da kima ba komai a ciki, tururinsa na kashe tsuntsu cikin mintoci.

To, yanzu ainihin aikin. Mutane sun ji ana cewa "ku yi banza da shi," sai su tsaya a nan, su ce ba ya aiki. Ba zai yi ba, domin buƙatarsa ta gaskiya ce, yana so ya san mutanensa na nan. In aka toshe ihu ba a buɗe masa wata hanya ba, sai ya ƙara ihu ko ya koma figar gashi. Abin yi shi ne a ba shi wani kiran da ake amsawa. Ki saurara, cikin sautukan da yake yi akwai wani mai daɗi, ɗan fito ko wata kalma, ko "Hajiya" ko "sannu". Na san akwai gidajen da ba a son fito, to a ɗauki kalma, ko a rataya masa ƙaramar ƙararrawa mai ƙarfi da ba zai iya ɓalle harshenta ba. Daga yau duk lokacin da ya yi wannan sautin, a amsa masa nan take, ko kina tsakar tuƙa tuwo ki ɗaga murya daga kicin ki ce "na'am, ina nan." A farko har ki taso ki zo ki ba shi lada. Kada ya wuce daƙiƙa biyu ko uku tsakanin sautin da amsar, in an jinkirta ba zai haɗa su ba.

Ladan shi ne abin da ya fi so, tunda gyaɗa ce, to a cire ta daga kwanon abinci gaba ɗaya, ta zama sai ya yi aiki yake samu. A raba ƙwaya ɗaya gida huɗu. Ta zama irin wadda ke kanki za ki ci, soyayya ba gishiri, ba ragowar buhu mai fumfuna ba, domin gubar fumfunar gyaɗa hanta take lalatawa.

In kuwa ya tsala ihu, kada kowa ya kalle shi, kada a yi magana, kada a yi tsaki. Wanda ke kusa ya juya baya ko ya fita. Da zarar ya tsaya, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci, ki juyo da fara'a ki yi masa magana a hankali. Daƙiƙa uku kacal a kwanakin farko. Kada ki ce sai ya yi minti biyar shiru, ba zai kai ba, ke ma ba za ki sami damar nuna masa abin da kike so ba. In ukun ta zauna a kai biyar, a kai goma, a kai minti. Ki riƙa kama shi yana abin kirki kuma: yana zaune yana tauna itace, ba ya damun kowa, lokacin ne ya fi cancanta ki tsaya ki gaishe shi, amma lokacin ne kowa ke wucewa.

Fita ma koya masa ake yi. Ki tsaya a gabansa, ki ce "ina zuwa," ki fita bakin ƙofa ki ɓace daƙiƙa biyu, ki dawo tun bai buɗe baki ba, ki ba shi lada. Ki maimaita sau biyar ko shida ki bari. Gobe daƙiƙa biyar, kina masa magana daga waje. In ya yi ihu, kin yi saurin tsawaitawa ne, ki koma baya. Minti biyar sau biyu a rana ya isa, amma Alhaji ne ya fi kamata ya yi wannan, tunda fitarsa ce ke tayar da abin.

Ki shirya wa abu ɗaya: a kwanakin farko ihun zai ƙaru, ba raguwa zai yi ba. Abin da ya saba yana biya ya daina, zai gwada da ƙarfi fiye da da, ya ƙara tsawo. Nan ne yawancin gidaje ke karaya, wani ya miƙa gyaɗa, a koma baya fiye da inda aka faro. Shi ya sa kafin a fara sai an zauna da kowa, Alhaji da yara da mai aiki da duk wanda ke shiga gidan, a yi magana ɗaya. Mutum ɗaya mai tausayi ya isa ya rushe aikin mako uku. In akwai mara lafiya a gida ko mai jego ko ana jarrabawa, a jinkirta har a sami lokacin da za a iya daurewa. Maƙwabta kuma haƙƙinsu ne Alhaji ya taka da kansa ya same su, ya ba su haƙuri, ya ce ana aiki a kai, zai ƙaru na ɗan lokaci kafin ya lafa. A kuma janye kejin daga jikin katangar da kuka haɗa da su.

Akwai maganar da zan roƙi ki isar wa Alhaji cikin hikima. Farin kokatu yana da son jiki fiye da kowane aku, zai kwanta a ƙirjin mutum ya ɗaga fiffike a shafa shi, ba wanda zai ga haka bai so shi ba. Amma tsakanin shekara 3 zuwa 6 yake balaga, kuma a wajen tsuntsun da ya balaga, shafar baya da ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya abu ne na miji da mata. Wanda ke yi masa haka ya zama abokin zamansa, su kuwa a daji ba sa rabuwa da abokin zama. Shi ya sa shekarar farko lafiya, yanzu kuma fitar Alhaji ta zama tashin hankali, kuma ba mamaki ya fara kai wa wasu cizo in sun matso kusa da shi. Shafa ta tsaya a kai da wuya kawai. A hana shi shiga kwali da ƙarƙashin gado da cikin kabad, domin kogon itace yake gani na yin sheƙa. A sauke shi daga kafaɗa ya koma hannu ko sanda, bakin da ke fasa ƙwallo mai tauri bai kamata ya zauna kusa da ido da kunne ba, ballantana na yaro. Abinci mai daɗi da wanka su riƙa fitowa daga hannunki da na manyan yara, don ya san gidan ba mutum ɗaya ba ne. Alhaji in zai fita kada ya tsaya dogon sallama, in ya dawo ya tarar ana ihu kada ya nufi keji sai an yi shiru. Ba cewa aka yi ya daina son tsuntsunsa ba, a'a, zama da shi na rabin sa'a kullum a lokaci sananne, ana wasa ana koya masa hawa sanda da juyi, ya fi yini guda a kafaɗa yau, gobe kuma a yi tafiyar mako biyu.

Sai rashin aikin yi. Ɗan'uwansa na daji yana shafe sa'o'i yana neman abinci, yana ɓare ɓawon itace, yana fasa 'ya'ya. Naku cikin minti goma ya gama da kwano, sauran yinin fa? Kuma tsuntsu ne mai kai. A Sidni ta Ostareliya masu bincike sun wallafa a 2021 yadda kokatu masu rawayan tukku suka koyi buɗe murfin kwandon shara, dabarar tana yaɗuwa daga unguwa zuwa unguwa ta hanyar kallon juna. A Ostiriya kuma, a 2012, an ga wani ƙaramin kokatu mai suna Figaro yana ɓantaro tsinke daga katako yana janyo abinci da shi. Mai irin wannan basira in aka bar shi da sanda ɗaya da kwano biyu, muryarsa ce kaɗai abin da ya rage masa.

Ba sai an sayo kayan wasa daga waje ba. Ki ɗauki ganyen kaba, ki naɗe ɗan guntun gyaɗa a ciki ki ƙulle, ki miƙa masa yana kallo. Za ki ga ya karɓa da ƙafa, yawancinsu da ta hagu, ya ɗago ta zuwa baki, ya karkata kai ya duba da ido ɗaya, ya fara tsage ganyen zare-zare har ya kai ga abin da ke ciki. Ranar farko ki yi ƙullin sako-sako, daga baya ki ƙara tauri, ki yi guda goma ki rataye a wurare dabam-dabam, wasu ba komai a ciki. Ƙwallon kuka da aka ɗan fasa, goruba, ɗanyar masara da ɓawonta, karan dawa, tsohon faifai mara rini, fasasshiyar ƙwarya, reshen gwaiba ko na zogale da ganyensa wanda ba a yi wa feshi ba, duk aiki ne. Ɓarna ce sana'arsa, abin da ya ragargaza ya yi amfani ke nan. A nisanta shi da tumfafiya da zurma da bini-da-zugu, guba ne. Littafin nan da aka rubuta zai nuna miki lokutan ihu, ki riga shi da minti goma ki ba shi aikin, musamman kafin Alhaji ya fita. Kuma ya fito daga keji sa'o'i biyu ko uku kullum a ɗaki rufaffe, fankar sama a kashe.

Abincin ma a gyara. Gyaɗa da 'ya'yan furen rana zalla mai ne ya yi yawa, ga ƙarancin bitamin A. A haɗa masa gero da dawa, dafaffen wake, karas, kabewa, dafaffen dankalin Hausa, ganyen zogale, ɗan gwanda ko mangwaro. Kada a ba shi goro ko shayi ko kofi ko cakulan, ko fiya, wato afokado, ko abinci mai gishiri da magi. Goron nan na faɗa da gangan, domin baƙi kan gutsura su miƙa masa don wasa.

In kowa ya tsaya a kan magana ɗaya, yawanci ana fara ganin sauyi cikin makonni, amma ɗabi'ar da ta shekara tana kafuwa takan ci watanni kafin ta kwanta, kuma takan ɗan dawo in an yi biki ko tafiya. Kada gajiya ta sa a ba shi maganin barci ko na mura na mutane, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, ɗan kaɗan ya isa ya kashe shi. Kada a bari wani ya taɓa harshensa, muryar tsuntsu daga can ƙasan maƙogwaro take fitowa, inda hanyar iska ta rabu biyu, ba daga harshe ba. Sayo masa ɗan'uwa ma ba mafita ba ce: biyu sun fi ɗaya ƙara, kuma namijin wannan iri an san shi da raunata mace har kisa in an haɗa su a keji. Ga shi irinsu na ƙarewa a daji saboda kamawa da sare itatuwa, cinikinsu yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Musanya shi da akunmu mai toka ma ba hanya ba ce, tun Janairun 2017 aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

Idan bayan wata uku ko huɗu kun ga gidan ba zai iya ba, saboda ƙuncin wuri ko mai asma da farin garinsa ke tayar wa ciwo, ba laifi ba ne a nema masa wani gida, ya fi a kulle shi a duhu. Amma kada a buɗe keji a sake shi, bai san abincin dajinmu ba, fari ne ana hango shi daga nesa, shaho ko yara masu danƙo za su gama da shi. Kada kuma a kai shi kasuwa a sayar wa wanda kyansa ya ruɗa. Irinsa yakan yi shekara 40 zuwa 60, wani ɗan danginsa mai suna Cookie a gidan namun daji na Brookfield kusa da Chicago ya mutu a 2016 yana da shekara 83, saboda haka wanda zai karɓa ya san abin da yake ɗauka. A gaya masa gaskiyar ihun tun kafin ya gani, ya zama mai fili da nisa da maƙwabta kuma akwai mai zama a gida. Alhaji ya nemo takardun da aka shigo da shi da su, ya tuntuɓi ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji da ke nan Garwa kan yadda ake sauya mai shi, sannan a miƙa tsuntsun tare da kejinsa da littafin da aka rubuta da kalmar da aka koya masa yana kira da ita.